Idan an tare ka da "ku 'yan Roman gumaka kuke bauta wa": yadda nake ba da amsa

Cikin trotro, motar haya, aka fara ba ni kunya a kan addinina, tsakanin Kejetia da Suame a Kumasi, ina saurayi ina koyon kanikanci. Wani mai wa'azi ya miƙe a bayan direba da Baibul a hannu, sai idonsa ya faɗa kan rosarin da ke wuyana. Ya ce, "Ɗan'uwa mai carbi, ka taɓa karanta Fitowa sura 20 aya 4?" Ya karanta da Tonanci, ya maimaita da Turanci, cewa kada ka yi wa kanka gunki ko siffar wani abu. Duk motar aka juyo ana kallona. Bakina ya mutu. Na ce wa yaron mota zan sauka, alhali da sauran tafiya, na ƙarasa Magazin, unguwar makanikai ta Suame, a ƙafa ina tura rosarin cikin riga.

A Aboabo aka haife ni, da Hausa na buɗi baki. Mahaifina daga Navrongo ya sauko, inda fadoji suka kafa mishan tun 1906, kuma gidanmu 'yan Katolika ne tun kakana. Amma ranar nan na gane cewa gadon addini daban, sanin abin da ka gada daban. Da yamma na je wurin tsohon katekis ɗinmu, mai koyar da addini a coci, na ba shi labari. Bai yi mini dogon bayani ba. Ya miƙo mini Baibul ɗinsa ya ce, "Ɗana, ƙirga sura biyar gaba, ka karanta da ƙarfi." Na buɗe Fitowa 25, sai ga Allah da kansa yana umartar Musa ya ƙera kerubobi biyu na zinariya a kan murfin Akwatin Alkawari. Na ɗaga kai. Ya ce, "To, Allah ya manta da abin da ya faɗa a sura 20 ne?"

Yanzu ni ke da shago, yara huɗu na koyon aiki a hannuna, biyu Musulmi, ɗaya ɗan wani cocin ruhaniya, ɗaya namu. Ina kuma taimaka wa katekis da ajin manya ranar Asabar. Abin da zan rubuta nan shi nake gaya wa matasanmu idan sun zo da irin fuskar da na je da ita ranar nan.

Bakanike na kirki ba ya kwance inji kafin ya saurari ƙararsa. Idan mutum ya jefo maka zargi, kada ka yi saurin zaro aya. Tambaye shi tukuna: "Me kake tsammani muke yi idan mun durƙusa a gaban mutum-mutumin nan?" Ko, "A ganinka me muka ɗauki Maryamu?" Sau da yawa za ka tarar abin da yake yaƙa ba koyarwar Ikilisiya ba ne, wani abu ne da aka gaya masa muna yi. Idan ya ce, "Kun mai da ita allahiya," amsarka ta farko ita ce, "Da haka muke yi, da ni ma na bi ka mun fita tare." Wannan kaɗai yana rage zafin magana da rabi.

Sai kuma ka riƙe shi a kan tambaya ɗaya. Masu irin wannan wa'azi sun saba da tsalle: kana cikin amsa zancen gumaka, ya koma kan Paparoma, ka bi shi can, ya faɗa furgatori, wato tsarkakewar da muka gaskata ana yi bayan mutuwa. Ka ce masa, "Ɗan'uwa, mu gama da wannan tukuna. Ka yarda da abin da na nuna maka ko ba ka yarda ba?" Mota ɗaya ake sa wa jak a lokaci ɗaya.

Kayan aikinka Baibul ne naka na kanka, wanda hannunka ya saba da shi. Kafin ka saya, duba jerin littattafan da ke farkonsa. In ba ka ga Tobit da Makabiyawa ba, ba cikakken namu ba ne, ko da yake don muhawara da su na wurinsu ma ya isa, har ya fi, tunda ba zai ce ka kawo littafin da bai sani ba. Ka nemi Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ko ƙaraminsa. Doka ɗaya kuma da ba na karyawa: duk ayar da aka karanta maka, ka karɓi littafin ka karanta abin da ke gabanta da abin da ke bayanta. Mafi yawan amsoshin suna nan kusa, a shafi ɗaya.

Mu koma kan gumaka, tunda da shi ake fara tarar mu. Fitowa 20 aya 4 ba ta tsaya ita kaɗai ba, aya 5 ce ta ƙarasa ta: kada ka yi musu sujada, kada ka bauta musu. Bauta aka hana. Ban da kerubobin nan, a Littafin Ƙidaya 21 Allah ya sa Musa ya ƙera maciji na tagulla ya ɗora a kan sanda, wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu. Amma kada ka tsaya nan kana murna, ka kai shi 2 Sarakuna 18 aya 4 da kanka: da mutane suka fara ƙona wa macijin nan turare, sarki Hezekiya ya farfashe shi. Abu ɗaya ne, da farko halal, daga baya ya zama gunki, kuma zuciyar mutane ce ta sauya, ba tagullar ba. Wannan ita ce koyarwarmu daidai. Taron bishof-bishof na Nikiya na biyu, a shekara ta 787, ya yanke cewa girmamawar da aka yi wa hoto tana wucewa ne zuwa ga wanda aka zana, sujada kuwa ta Allah ce shi kaɗai.

A Kumasi wannan ba ya buƙatar dogon tafsiri. Je ka kowace jana'iza ranar Asabar, ka ga hoton mamaci a jikin riga, a kan kujera an kewaye shi da furanni, 'yarsa ta rungume shi tana kuka. Wa ya taɓa cewa takarda take wa kuka? A shagona hoton mahaifiyata yana manne sama da teburin sifana, duk ya sha baƙin mai, kuma ranar da wani yaro ya goge hannunsa a jikinsa sai da ya ji a jikinsa. Amma in an ce maka akwai tsohuwar da ke shafa ƙafar mutum-mutumi kamar laya, kada ka musa. Akwai. Ka ce kuskure ne, kuma fada ma zai gaya mata haka.

Wani zai ce mun cire doka ta biyu daga Dokoki Goma. Buɗe masa Baibul ɗinka ya ga ayar tana nan daram. Ƙirgar ce ta bambanta: mu mun bi ta Agustin, bishof na Hippo, wadda ta haɗa hana bautar wasu alloli da hana gumaka a doka ta farko, kuma 'yan Luta ma haka suke ƙirgawa.

Zancen Maryamu ya fi kowanne zafi, a nan kuma namu suka fi yin ɓarna da bakinsu. Ayar da za a kawo maka ita ce 1 Timoti 2 aya 5: matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, Yesu Almasihu. Ka ce amin da gaske, don mun gaskata haka. Sannan ka hau sama zuwa aya 1 ta wannan sura, inda Bulus ya ce a yi roƙo da addu'a da godo saboda dukan mutane. Wanda ya rubuta aya 5 shi ya rubuta aya 1, bai ga karo a tsakaninsu ba. Tambayi mutumin: "Ka taɓa ce wa fastonka ya sa ka a addu'a?" Zai ce sau da yawa. "To, ya zama matsakanci na biyu ke nan?" Abin da muke ce wa Maryamu ke nan, ki yi addu'a dominmu. Mai roƙo ake ce wa haka, ba wanda ake roƙa ba.

Zai ce fasto yana da rai, ita ta mutu. Markus 12 aya 27: Allah ba na matattu ba ne, na rayayyu ne. Wahayin Yahaya 5 aya 8 kuma ya nuna dattawan nan a sama riƙe da tasoshin zinariya cike da turare, aka ce turaren addu'o'in tsarkaka ne. Rabin farko na "A gaishe ki Maryamu" ma daga Luka 1 aka ɗauko shi, gaisuwar mala'ika a aya 28 da ta Alisabatu a aya 42, kuma a aya 48 ita da kanta ta ce dukan zamanai za su ce da ita mai albarka.

Akwai misalin da nake jin matasanmu suna bayarwa, ina roƙo a daina. Suna cewa kamar yadda ba ka magana da sarkin Tonawa kai tsaye sai ta bakin okyeame, mai magana da yawun sarki, haka ba ka zuwa wurin Yesu sai ta Maryamu. Wannan ba koyarwarmu ba ce, kuma ka miƙa wa abokin muhawararka wuƙa da hannunka. Kowane ɗan Katolika yana magana da Yesu kai tsaye, "Ubanmu wanda ke cikin sama" ba ta bi ta kowa ba. In misalin gargajiya kake so, ɗauki Asantehemaa, uwar sarautar Tonawa. Ba ita ce sarki ba, ba wanda ya rikita su, amma wanda ya raina ta bai girmama sarki ba. A 1 Sarakuna 2 aya 19 Sulemanu ya tashi ya tarye mahaifiyarsa, ya rusuna mata, ya sa aka ajiye mata kujera a damansa. Sai dai ka sani, mai wayo zai ce maka roƙon da ta kawo ranar nan Sulemanu bai biya ba. Gaskiyarsa. Ka kawo ayar don nuna darajar uwar sarki, kada ka ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Don zancen roƙo, bikin Kana a Yahaya 2 ya fi, kuma maganarta ta ƙarshe a wurin ita ce duk abin da ya faɗa muku ku yi.

"Uwar Allah" kalma ce mai nauyi, musamman a Zango inda maƙwabtanmu Musulmi ke ji, su da suke girmama Maryam har da sura guda da sunanta. Ka bayyana a hankali: ba a ce ta riga Allah ba, ba a ce ita ta haifi allahntaka ba. A taron Afisa na 431 aka tabbatar da sunan, kuma rigimar a kan Yesu ce: wanda ta haifa mutum ɗaya ne, Allah ne kuma mutum ne. Alisabatu ta riga kowa, ta ce da ita uwar Ubangijina.

'Yan'uwan Yesu da aka ambata a Markus 6 aya 3 kuwa, mai jin Hausa bai kamata ya sha wahala ba. Ɗan kawuna ƙanena ne, ban taɓa kiransa da wani suna ba. Ibrahim ya ce wa Lutu mu 'yan'uwa ne, a Farawa 13, alhali ɗan ɗan'uwansa ne. A kan gicciye kuma Yesu ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirinsa. A gidan da akwai 'ya'ya maza na cikinta, wa zai yi haka? Ka faɗi gaskiya dai, wannan yana nuna ayar ba ta rushe abin da muka gaskata ba, ba wai ita ta kafa shi ba. In ɗan Metodis ne a gabanka, gaya masa John Wesley da kansa, wanda ya kafa Metodis, a wasiƙar da ya rubuta wa wani ɗan Katolika a 1749, ya ce Maryamu ta zauna budurwa har bayan haihuwar Yesu. Martin Luta ma haka ya riƙe.

Duk waɗannan rassa ne. Saiwar tana cikin tambayar da za ka ji sau goma a zama ɗaya: "Ina yake a Baibul?" Idan ka ga mutumin mai son gaskiya ne, ka kai shi nan, don a nan ainihin bambancinmu yake. Ka tambaye shi da ladabi, "A ina Baibul ya ce Baibul kaɗai?" Zai buɗe 2 Timoti 3 aya 16, cewa kowane Nassi hurarre ne daga Allah, mai amfani ne. Mun yarda ɗari bisa ɗari. Amma "kowane" ba "kaɗai" ba ne. In na ce kowane sifana a shagona yana da amfani, ban ce ba na buƙatar jak ba. Bulus ɗin nan ya ce wa Tasalonikawa, a wasiƙa ta biyu sura 2 aya 15, su riƙe koyarwar da aka ba su, ko da baki ko ta wasiƙa. A 1 Timoti 3 aya 15 kuma abin da ya kira ginshiƙi da tushen gaskiya Ikilisiya ce.

Sannan ka buɗe shafin farko, jerin littattafai, ka ɗora yatsa ka ce, "Wannan shafin wa ya rubuta shi?" Babu ayar da ta lissafa littattafan Sabon Alkawari. Shekaru da yawa Kiristoci suna baftisma suna taruwa ranar Lahadi kafin a gama rubuta su, ƙarnuka kuma kafin a daidaita jerinsu. Jerin 27 da muke da shi yau ya fito cikakke a wasiƙar Atanasiyus, bishof na Iskandariya a Masar, a shekara ta 367. Tarukan Hippo a 393 da Kartaj a 397, a ƙasashen da yau ake kira Aljeriya da Tunisiya, suka lissafa littattafan duka biyu, Tsoho da Sabo. Ina son wannan wurin, don mutanenmu suna ɗauka daga Turai aka aiko mana da komai a kwali. Bishof-bishof na Afirka ne suka zauna a kan zancen.

Daga nan amsar "kun ƙara littattafai bakwai" ta fito da kanta. Namu 73 ne, nasu 66. Bambancin duk a Tsohon Alkawari yake: Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk, Makabiyawa na ɗaya da na biyu, da wasu sassa na Esta da Daniyel. Suna cikin tsohuwar fassarar Girkanci da Kiristocin farko suka yi aiki da ita. Luta, a Baibul ɗinsa na 1534, ya ware su ya sa a tsakiya, bai jefar ba. Baibul na King James na 1611, wanda mai wa'azin ke ɗagawa sama, da su aka fara buga shi. A 1826 ne ƙungiyar buga Baibul ta Ingila ta daina sa su. Taron Trent na 1546 tabbatarwa ya yi, ba ƙari ba. Inda za ka ba shi gaskiya shi ne, Yahudawa ba su ƙirga su cikin nasu ba, Jerom ma da ya fassara Baibul zuwa Latin ya yi shakka a kansu. Ka faɗa kafin ya faɗa.

Na "kada ku kira kowa uba a duniya", Matiyu 23 aya 9, ba ya ɗaukar minti biyu. A wurin aka hana kiran kowa malam ma. Bulus ya ce wa Korantiyawa shi ne ubansu cikin Almasihu, 1 Korantiyawa 4 aya 15. Tambaye shi me yake kiran wanda ya haife shi, me kuma 'yan cocinsu ke kiran babban fastonsu. Girman kai Yesu ya hana. Haka na maimaita addu'a: Matiyu 6 aya 7 surutun banza ta hana, Yesu kuwa a Getsamani sau uku ya yi addu'a da kalmomi iri ɗaya, Zabura 136 kuma jimla ɗaya take maimaitawa a kowace aya. Rashin auren fadoji ƙa'ida ce ta Ikilisiyar Yamma, ba aƙida ba. Bitrus yana da suruka, kuma a cocin Katolika na Gabas akwai fadoji masu aure. Furta zunubi ga fada, Yahaya 20 aya 22 da 23: wanda kuka gafarta wa an gafarta masa, wanda kuka riƙe an riƙe. Yaya za su san na gafartawa da na riƙewa in ba a faɗa musu ba?

Idan aka tambaye ka, "An sake haihuwarka?" kada ka yi inda-inda kamar wanda aka kama da kayan sata. Ka ce e, ta ruwa da Ruhu, kamar yadda Yahaya 3 aya 5 ta faɗa. In ya ce ku da ayyukanku kuke neman ceto, ka karanta Afisawa 2 aya 8 da 9 tare da shi, ka ce wannan namu ne: ta alheri aka cece mu, ba wanda ya saya. Sai ka ƙara aya 10, an halicce mu domin kyawawan ayyuka. Wuri ɗaya tak da kalmomin "bangaskiya kaɗai" suka zo a jere shi ne Yakubu 2 aya 24, kuma cewa ya yi ba ta bangaskiya kaɗai ba. Ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg ta Jamus, Ikilisiyar Katolika da Tarayyar 'yan Luta ta Duniya suka sa hannu a takarda ɗaya a kan wannan batu, 'yan Metodis suka shiga a 2006. Manya sun zauna sun fahimci juna a kan abin da ya raba su tun 1517, mu muna nan muna ta da jijiyar wuya a tashar mota.

A kan Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da ake keɓewa a misa, nake so ka rage gudu, ka kuma rage murya. Karanta Yahaya 6 daga aya 51 har 66 ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Yesu ya ce gurasar da zai bayar naman jikinsa ce. Mutane suka yi gardama, yaya mutumin nan zai ba mu namansa mu ci? Bai sassauta ba, sai ma ya ƙara nauyin maganar. Almajirai da yawa suka juya suka tafi, bai kira su ya ce ku dawo misali nake yi ba. Za a nuna maka aya 63, cewa Ruhu ne mai rayarwa, jiki ba ya amfana komai. Ka tambaya: jikin wa? In jikin Yesu ne ba ya amfana komai, to gicciyen fa? Bulus ya ce wanda ya ci da rashin cancanta ya yi laifi ga jiki da jinin Ubangiji, 1 Korantiyawa 11 aya 27. Ignatiyus na Antakiya, wanda aka kai Roma aka kashe wajen shekara ta 107, ya rubuta wa Kiristocin Simirna cewa Yukaris, wato Jibin Ubangiji, naman jikin Mai Cetonmu ne, kuma a wasiƙar nan ne aka fara ganin sunan "Ikilisiyar Katolika" a rubuce. In an ce muna sake gicciye Yesu kowace Lahadi, ka ce a'a, sau ɗaya ya miƙa kansa kamar yadda Ibraniyawa 10 ta faɗa. A misa wannan hadaya ɗayar ce ake kawo mu gabanta, ba sabuwa ba.

Na bar furgatori a ƙarshe don a kansa na yi kuskuren da ya fi na trotro muni.

Da mahaifiyata ta rasu, na sa aka yi mata misa. Ƙanena, ɗan kawun nan nawa, ya riga ya koma wani coci a lokacin. A zaman dangi, gaban manya, ya ce, "Yaya, kuɗin nan da ka kai wa fada asara ce, wanda ya mutu ya mutu." Lokacin na ƙoshi da karatu, ina jin kaina. Na zaro masa 2 Makabiyawa 12, inda Yahuza ya tara kuɗi aka yi hadaya domin matattu. Na bi da 1 Korantiyawa 3 aya 15, mutumin da aikinsa ya ƙone amma shi ya tsira kamar ta cikin wuta. Na ƙara da Wahayin Yahaya 21 aya 27, ba abu marar tsarki da zai shiga birnin. Ya rasa ta cewa, ni kuwa ban tsaya ba. Na ce fastonsa ko sunan littattafan bai iya ba. Aka yi dariya. Ya tashi ya ɗauki takalmansa. Shekara biyu bai taka gidana ba, yaransa ma ya hana su zuwa.

Ayoyin daidai ne, har gobe su zan ba ka. Abin da ya kamata in yi shi ne in ce, "Ƙanena, bari baƙi su tafi mu zauna," in kuma fara da inda yake da gaskiya. Don yana da ita. An taɓa cinikin takardun sassaucin horon zunubi a Ikilisiya, abin kunya ne, shi ya tayar da Luta, kuma Paparoma Piyus na biyar ya hana haɗa su da kuɗi a 1567. Abin da ake ba fada don misa sadaka ce, ba farashi ba, dokar Ikilisiya ma ta ce a yi wa matalauta ko ba su kawo komai ba. Haka in an kawo maka zancen paparomomin da suka yi rayuwar banza, ko fadojin da suka ci amanar yara, kada ka kare. Ka ce ya faru, mugun abu ne. Rashin kuskuren Paparoma da aka ayyana a 1870 a kan koyarwar bangaskiya ne a wasu sharuɗɗa ƙunƙuntattu, ba a ce ba ya zunubi ba. Shi ma yana zuwa furta zunubansa.

Furgatori kuma, da na bayyana masa yadda nake bayyana wa yarana yanzu. Ba dama ta biyu ba ce, ba wuri na uku ba ne tsakanin sama da wuta. Idan na tashi aiki na koma gida, gidana ne, tuwon nawa ne, ba mai kora ta. Amma matata ba ta barin in sa hannun nan cikin kwano sai na tsaya a bakin famfo da sabulu da soso, har da yashi in man ya kama. Wanda ke bakin famfo ya riga ya iso gida. Jinin Yesu ne sabulun, addu'armu kuwa kamar mai zuba maka ruwa ne.

Ba kowa za ka tsaya wa ba. Mai lasifika da asuba, ko wanda ya tara jama'a a Kejetia, ba amsa yake nema ba, kuma taron nasa ne. Ka wuce abinka. Abokin aiki, maƙwabci, suruki, wanda gobe ma za ku gaisa, shi ya cancanci zama, ku biyu, da koko da ƙosai in ya samu. In ya yi tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce, "Ba ni mako ɗaya in tambayo," ka kuma dawo da amsar da gaske. Kada ka ce masa ba Kirista ba ne. Ikilisiya tana karɓar baftismar da aka yi da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, tana kuma kiran su 'yan'uwa. In ya yarda ya raka ka misa, ko a babban cocin Bitrus da ke Roman Hill ko a naku na unguwa, ka gaya masa tun a hanya cewa ba zai karɓi Jibi ba, ka faɗa masa dalili, kada ya ji a bakin mai tsaron layi. Ka ce ya ƙirga sau nawa aka karanta Baibul kafin a tashi.

Ƙanena motarsa ce ta dawo da shi. Giya ta ƙi shiga, ya zagaya Magazin ya rasa wanda ya yarda da shi, sai ga shi a ƙofar shagona yana kallon ƙasa. Na gyara, na ba shi haƙuri a kan maganar fastonsa, ban taɓo ayoyin ba. Ranar 2 ga Nuwamba da ta biyo, ranar da muke tunawa da dukan matattu, muka je makabartar Tafo, ya zo da adda da tsintsiya. Muna rosari yana sare ciyawar da ta rufe kabarin. Bai ce amin ba ko sau ɗaya, har yanzu kuma yana cocinsa. Da muka gama ya ce, "Yaya, littafin nan na Makabiyawa, a wane shafi yake a naka?"